Asekrem: Faɗuwar Ranar da Babu Irinta a Sahara

Na kalli faɗuwar rana a bakin kogin Kwara a Yamai, na kalle ta daga kan dutsen Dala, na kalle ta a kan tuddan rairayin ƙasar Agadas, kuma kowane wuri da irin nasa kyan. Amma tun da Allah ya kai ni Asekrem na rufe wannan babi. Wallahi babu na biyunsa. Wuri ne da mutum zai tsaya baki buɗe, ya manta da wayar da ke hannunsa, ya rasa abin faɗa sai tasbihi. Ina ƙaunar wurin nan har cikin raina, kuma na ɗauki alƙalami ne don in kwaɗaita wa duk mai hali zuwa.

Asekrem faffaɗan tudu ne a can ƙololuwar duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya, tafiyar kimanin kilomita 80 daga birnin Tamanrasat. Tsayinsa ya haura mita 2,700 sama da teku. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi ko'ina tsayi a Nijar, mita 2,022 ce. Ke nan wanda ya tsaya a Asekrem ya ɗara duk wani tudu da ke ƙasashen nan biyu. Ƙasa kaɗan da tudun akwai mashigi tsakanin duwatsu, inda hanyar mota ta ratsa, kuma a nan masaukin baƙi yake. Daga mashigin ake hawa da ƙafa don a riski rana kafin ta faɗi.

Abin da ke sosa mini rai shi ne Tamanrasat ba baƙon gari ba ne a wurinmu. Babbar hanyar da ta taso daga Aljiyas zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500, ta nan ta bi, ta gangara In Gezzam, Assamaka, Arlit, Agadas, Damagaram har Kano. Shiga kasuwar garin ka ji Hausa tana tashi ta ko'ina, a bakin masu sayen dabino da taliya, da teloli, da magina, da masu gasa naman da garin ya yi suna da shi. Mutum zai shekara da shekaru yana neman halalinsa a nan, duwatsun suna tsaye a gabansa kullum ta arewa, bai taɓa taka su ba. Yawancinmu mun san Sahara da ƙishirwa da tsoron hanya, kuma lallai tana da su. Sai dai tana da wata fuska da ba a ba mu labarinta ba, kuma a Asekrem take bayyana ta gaba ɗaya.

Hanyar kanta abin kallo ce

Da hantsi ake barin Tamanrasat, a motar kat-kat mai ja da tayoyi huɗu, domin kilomita 80 ɗin nan sukan ci awa uku zuwa huɗu. Garin kansa yana kan tudu mai kimanin mita 1,400, ya fi Jos tsayi, don haka tun daga ƙofar gari iskar ta fi ta sauran hamada sanyi. Ba a yi nisa ba dutsen Iharen zai taso gabanka shi kaɗai tilo, a miƙe, jikinsa duk zane-zane daga sama har ƙasa. Ina ta ɗaukar hoto ta tagar mota, direbanmu, wani Ba'abzine mai Hausar Agadas, ya saki amawalinsa ya yi dariya ya ce, "Malam, adana batirinka. Ai ba mu fara ba tukuna." Gaskiya ya faɗa.

Da farko hanyar tana bin busassun ƙoramu masu farin yashi, da bishiyoyin ƙaya da tumfafiya jefi-jefi, raƙuma suna miƙa wuya suna tsinkar ganye, yara suna kora awaki. Sannu a hankali itatuwan suka ƙare, ƙasa ta koma baƙa ƙirin. Iya ganinka duwatsu ne ƙanana da manya, a warwatse, sun ƙone sun yi sheƙi. Motar tana kuka tana hawa, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa. Can sai ga Akar-Akar, wani ƙaton dutse mai shimfiɗaɗɗen kai da gefuna a tsaye, wanda duk direba sai ya tsaya ya nuna wa baƙinsa shi.

Sai kuma abin da ban taɓa tsammani ba: ruwa! A kwarin Afilal akwai tafkuna a cikin dutse waɗanda ba sa ƙafewa, ciyawa kore shar a gefensu, tsuntsaye suna shawagi, har da ƙananan kifaye a ciki. Kifi a tsakiyar Sahara, a tsayin da ya kusa mita 2,000! Waɗannan kifaye ragowar zamanin da hamadar nan take da koguna masu gudana ne, zamanin da mutanen da suka zana shanu da raƙuman dawa a jikin duwatsun yankin suka rayu. A shekarar 2001 aka sa tafkunan Afilal cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar take karewa, kuma yankin gaba ɗaya yana cikin gandun Ahaggar da gwamnatin Aljeriya ta keɓe tun 1987. Mun yi azahar a nan, muka ci dabino, wani ɗan tsuntsu baƙi mai farar hula, wanda mutanen wurin ke kira mula-mula, ya sauko dab da tabarmarmu yana tsintar ɓarɓashi babu ko ɗar.

Daga Afilal hawan yake tsananta. Hanya tana lanƙwasa tana komowa, dutse a dama, rami a hagu. Kowace kwana da sabon abin da za ta nuna maka, har ka isa mashigin da la'asar, ka fito daga mota iska mai sanyi ta mare ka.

Yadda duwatsun suka samu wannan siffa

Tsakiyar Ahaggar ana kiranta Atakor, kuma duk abin da ido ke gani a nan aikin wuta ne. Ƙasan yankin tsohon dutse ne ƙwarai, wanda ya kumbura ya taso sama a tsawon miliyoyin shekaru. Ta cikin tsagoginsa narkakken dutse ya riƙa ɓullowa, tun kimanin shekaru miliyan 20 da suka wuce, ta ɗaruruwan kafofi. Wani narkakken dutsen mai ruwa-ruwa ne, ya malala ya rufe fili, shi ne baƙar shimfiɗar da mota ke bi a kai. Wani kuwa mai kauri ne, bai iya malala ba, sai ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen da ke amansa. Zamani ya yi ta tafiya, ruwa da iska da sanyi suka zaizaye jikin dutsen mai taushi, suka bar abin da ya daskare a ciki yana tsaye shi kaɗai. Su ne waɗannan dogayen duwatsu masu tsini da suka cika Atakor.

Zanen da ke jikinsu kuwa, yayin da narkakken dutse ke hucewa yakan tsuke ya tsage, tsagar ta bi tsawonsa, ta raba shi ginshiƙi-ginshiƙi. Idan ka matsa kusa, sai ka ga dutsen kamar damin karan dawa da aka tsayar aka ɗaure, kowane kara a manne da ɗan'uwansa, sai dai kowanne ya fi doguwar bishiya tsawo nesa ba kusa ba. Wannan zane shi ne sirrin kyan faɗuwar rana a nan. Da tsakar rana, haske yana sauka daga sama, duwatsun sukan yi fari-fari, babu abin da ya fito. Da rana ta karkata ta buge su ta gefe, kowace tsaga ta samu inuwarta, kowane ginshiƙi ya samu haskensa, dutsen ya tashi da rai.

Hawa da kallo

Daga masauki zuwa saman tudu tafiyar minti ashirin ce zuwa talatin, a wata siririyar turba da aka jera wa duwatsu, tana karkacewa dama da hagu. Gajeriyar tafiya ce amma tana da nauyi, domin a wannan tsayi iskar da mutum ke shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Taku kaɗan sai haki. Dattawa suna tsayawa suna dafa gwiwa, samari suna yi musu sannu, kowa yana duban rana yana ƙara sauri. A gefen turbar akwai ƙananan tsirrai dangin tazargade, idan ƙafa ta goge su sai ƙamshinsu ya tashi.

Kana kaiwa sama duniya ta buɗe. Allahu Akbar! Ta kowace kusurwa duwatsu ne jeri bayan jeri, har inda ido ya gaza. Ta yamma ga Tahat, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Aljeriya, mita 2,908, da faɗinsa da kwarjininsa. Kusa da shi ga Ilaman, siriri mai kaifin kai, wanda ko a hoto ka taɓa ganinsa ba za ka kasa gane shi ba. Ta gabas da kudu ga tagwayen duwatsun Tizuyag da maƙwabtansu, waɗanda hotonsu ya zagaya duniya a matsayin fuskar Ahaggar. Akwai wani teburin dutse da aka zana sunayen ƙololuwar a kai, mutum ya duba ya san wanda yake kallo.

A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma, kuma agogon Aljeriya ɗaya ne da na Najeriya da Nijar. Amma shagalin yakan fara tun saura kusan awa guda. Ga shawarar da na fi so in ba kowa: kada ka ƙura wa rana ido tun da wuri, juya mata baya ka dubi gabas. A nan abin yake. Duwatsun Tizuyag, waɗanda ɗazu suke ruwan ƙasa, za su fara komawa ruwan zuma. Kafin ka gama mamaki sun zama ruwan goro. Daga nan sai ja, ja wur, har ka rantse dutsen daga cikinsa yake ci da wuta. A lokacin nan kwaruruka sun riga sun cika da inuwa mai shuɗi-shuɗi, inuwar tana hawa jikin duwatsun a hankali, tana cinye jan daga ƙasa, har ya rage a kan tsinin kawai. Na ga ƙololuwa guda ta riƙe haskenta ita kaɗai bayan duk 'yan'uwanta sun dushe, ta yi ta riƙewa, sa'an nan ta saki. Tsigar jikina ta tashi.

Yanzu ne za ka juya yamma. Rana ta zama ƙwallo guda mai tsabta, gefenta a yanke sarai, tana nutsewa a bayan duwatsu. Jerin duwatsun sun rabu launi-launi: na kusa baƙi, na bayansa makuba, na bayan wannan shuɗi, na can nesa ya kusa narkewa cikin sama. Na gwada ƙirga jerin, ido ya gaji bai kai ƙarshe ba. Sararin sama kuwa daga ja ya hau ruwan goro, ya hau ruwan ɗorawa, ya ratsa wani kore mai haske da ban san sama tana yin irinsa ba, sa'an nan ya shige shuɗi mai duhu.

Dalilin wannan tsabtar launi a fili yake. Hasken rana gauraye yake da launuka, kuma iska ta fi watsa shuɗi a kan ja. Da yamma hasken yana ratso iska mai nisa kafin ya iso ido, shuɗin ya watse a hanya, ja da ruwan goro su ƙaraso. Wannan a ko'ina haka yake. Abin da Asekrem ya fi sauran wurare da shi shi ne tsayi da bushewar iska. A wurinmu da hunturu rana takan yi fari ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. A nan kuwa da sanyi ƙurar hamada takan kwanta can ƙasa, kai kana samanta, babu hayaƙin gari, babu laima, babu abin da ya shiga tsakaninka da rana har ta faɗi.

Wani abin da ya burge ni shi ne shirun mutane. Akwai Larabawan arewacin Aljeriya da iyalansu, akwai Abzinawa, akwai Turawa, amma da jan nan ya kama dutse kowa ya yi tsit. Babu wanda ya ce a yi shiru. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da mu, lulluɓe da bargo, hawaye kawai take sharewa tana jan carbi.

Bayan rana ta faɗi muka tsaya sallar magariba, wani dattijon Ba'abzine ya ja mu. Asekrem da Makka kusan a layi ɗaya suke, don haka alƙibla gabas ce sak. Muna idarwa muka ga wani baƙin shuɗi ya taso daga ƙasan gabas, da ɗamara ruwan hoda a samansa, yana hawa a hankali. Inuwar duniya ce kanta take faɗawa a kan iska. A gari gine-gine da ƙura sukan ɓoye ta, a nan kuwa ga ta ƙuru-ƙuru daga wannan gefe zuwa wancan. Ban taɓa yin magaribar da ta zauna mini a zuciya irin wannan ba.

Ɗakin dutse da tashar auna iska

A bakin tudun akwai wani ɗan gini na baƙin dutse, gajere, mai ƙunci, wanda tarihinsa ya sa sunan Asekrem ya fita duniya. Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa da ya koma limamin Katolika mai zuhudu, shi ya sa aka gina shi. An haife shi a 1858, ya zauna a Tamanrasat tun 1905, shekaru uku bayan yaƙin Tit na 1902, inda sojojin Faransa suka karya Abzinawan Ahaggar. A 1911 ya hau Asekrem ya yi wata biyar, yana aikin ƙamus na harshen Abzinawan yankin, har sanyi da ƙarancin abinci suka sauko da shi. An kashe shi a Tamanrasat ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa sansanin Faransawa ƙawanya a Agadas. Ƙamus ɗin nasa an buga shi cikin juzu'i huɗu a 1951 da 1952, kuma har yau masu nazarin harshen suna komawa gare shi. Cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a 2022.

Zamaninsa zamanin mamaya ne, kuma jama'ar yankin ba su manta da wannan ba. Amma ɗakin yana nan, ana mutunta shi. Tun 1955 wasu 'yan zuhudu mabiya tafarkinsa suke zaune a kan tudun, su biyu ko uku, suna tarbar duk wanda ya hau, Musulmi da Kirista, da fara'a da kofin shayi. Cikin ɗakin akwai ɗan wurin ibada da 'yan littattafai. Na shiga na ga baƙi Musulmi suna magana ƙasa-ƙasa, suna girmama wurin ibadar da ba tasu ba, masu wurin kuma suna yi musu sannu da hawa da Larabci. Wannan ma ya ƙara wa wurin daraja a idona.

Can gefe guda a kan tudun akwai tashar hukumar kula da yanayi ta Aljeriya, wadda tun shekarun 1990 take cikin jerin tashoshin da Hukumar Yanayi ta Duniya ke amfani da su wajen sa ido kan iskar da ta lulluɓe duniya. Ana auna ƙura da iskar kabon da sauransu. An zaɓi Asekrem ne saboda nisansa da masana'antu da birane, iskarsa tana cikin mafi tsabta da ake samu. Ashe abin da idon mai kallo ya shaida da yamma, na'urorin masana ma sun shaida shi.

Dare da asuba

Ana saukowa da tocila, domin duhu ba ya jira. Sanyi kuwa sai wanda ya ji. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, ga shi iskar a bushe take ba ta riƙe ɗumin rana, don haka da hunturu ruwa yakan daskare da dare, wasu shekarun har ƙanƙara takan sauka ta rufe duwatsun.

A bayan masauki direbanmu ya hura wuta a kan yashi ya yi mana tagella, gurasar Abzinawa. Ya kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ya yi ta murzawa har ya yi laushi, ya faɗaɗa shi ya yi kauri. Ya ture garwashi gefe da sanda, ya buɗe yashin da ya yi zafi, ya kwantar da ƙullun, ya mayar da yashi da toka da garwashi a kai. Bayan wani lokaci ya tone, ya juya, ya sake binnewa. Da ya fito da ita ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji amonta, ya kankare tokar da wuƙa, ya ɗauraye da ɗan ruwa. Muka gutsuttsura ta a akushi, ya kwarara miyar tumatir da albasa da nama, ya zuba man shanu. Ko ƙwayar yashi ɗaya ban tauna ba, kuma daɗinta a cikin wannan sanyi ba ya faɗuwa.

Sai shayi, zagaye uku kamar yadda aka saba daga nan har Agadas. Ya ɗora 'yar buta a garwashi, yana ɗaga hannu sama yana tsiyayawa cikin kofi, yana mayarwa, har kumfa ta tsaya. A wannan tsayi ruwa yana tafasa tun a wajen digiri 91, shi ya sa ya bar ganyen ya daɗe a wuta. Ya miƙo mini na farko ya ce, "Malam, sha da zafinsa, sa'an nan ka ɗaga kai." Na ɗaga. Taurari sun cika sama maƙil, babu masaka tsinke. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda a gari da ƙyar ake ganin shida, a nan sun fito da ƙananan da ban san da su ba, farar hanyar taurari kuma ta ratsa sama daga wannan dutse zuwa wancan.

Kada kowa ya kwana a Asekrem ya bar asuba ta wuce shi. Bayan sallah a sake hawa, a lulluɓe da bargo. Wannan karon rana daga bayan duwatsun gabas take fitowa, su tsaya baƙi a gaban jan alfijir, Tahat da Ilaman kuma su karɓi hasken farko. Masu zuwa sun rabu biyu, wasu sun fi son fitowar, wasu faɗuwar. Ni ina tare da faɗuwar, saboda jan nan da ke kama Tizuyag, amma wanda ya ga ɗaya ya bar ɗaya ya yi rabin tafiya.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa daga Oktoba ne zuwa Maris, sa'ad da sama take garau. Tamanrasat tana da filin jirgin sama, kuma jirage suna zuwa daga Aljiyas, wadda ke da nisan kusan kilomita 2,000. Baƙo daga wata ƙasa ya bi ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, ya tafi da ja-gora ɗan yankin, da takardunsa cikakku. Kada son ganin wuri ya sa kowa ya bi ɓarauniyar hanya ta hamada, domin ta ci rayukan mutanenmu da yawa. Wanda yake zaune a Tamanrasat da izininsa kuwa, abin ya zo masa da sauƙi: ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida ku ɗauki mota guda, ku tafi yau ku dawo gobe.

A tafi da rigar sanyi mai kauri, da hula da safar hannu, da takalmi mai rufi, da tocila da isasshen ruwa. Masaukin na talaka ne, katifa da bargo a ɗaki na tarayya, miya mai zafi da kuskus da dare, kuma ya wadatar. Mai ciwon zuciya ko na numfashi ya shawarci likita kafin ya hau. A bar masauki da sauran awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, don a hau a natse a samu wurin zama.

Roƙona ɗaya ga masu zuwa: abin da ka hau da shi ka sauko da shi. Na ga robobin ruwa da gwangwanaye a maƙale cikin duwatsu, na ga inda wasu suka rubuta sunayensu da fenti, abin ya ɓata mini rai ƙwarai. A wannan bushewa shara ba ta ruɓewa, inda aka yar da ita nan za ta shekara. Kada a tsinke tsirrai, kada a wanke kwano da sabulu a tafkunan Afilal, kada a kunna kiɗa a saman tudu mutane suna kallo.

Hukuncina a taƙaice: hanya mai wuya, masauki mai sauƙi, sanyi mai tsanani, da kallon da ya biya duk wannan har da riba. Idan maki goma ake bayarwa, na ba Asekrem goma cif. 'Yan'uwana da ke Tamanrasat, ku ware kwana biyu cikin shekara ku hau dutsen nan da ke bayan gidanku. Masu hali na Kano da Damagaram da Maraɗi da ke kai iyali Dubai hutu, ku sa Ahaggar a lissafinku na hunturu mai zuwa. Allah ya ba da ikon zuwa, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.